Ɗaya Bakin Wayar

Lahadi, 6 ga Oktoba, da hantsi

Jiya bayan la'asar aka kawo min Baban Munir a bayan motar kayan kiɗa, zaune tsakanin sifikoki. Tyav, amininsa mai kaɗa fiyano, ya riƙo shi ta dama, Ɗanladi mai ganga ta hagu. An ɗinke masa goshi, ƙafar hagu ta kumbura suntum. Ina bakin shagon ɗinkina da almakashi a hannu, har suka shigar da shi ɗaki ban tuna na ajiye ba.

Wai daga kan dandamali ya faɗo, a bikin da suka je yi a Obi, da rana tsaka, ana cikin rawa. Mutumin da ya haura shekara talatin yana kaɗa jitar bes a tsaye, ko tuntuɓe ban taɓa jin ya yi ba. Na tambayi Tyav yadda aka yi, sai ya hau kallon silin kamar yau ya fara shiga ɗakin. Ya ce, "Maman Munir, tsautsayi ne." Na ce na ji, ai ni ma ban ce ganganci ba ne.

Shi kuwa gogan, da aka kwantar da shi bai nemi ruwa ba, bai neme ni ba. Cewa ya yi, "Jitar fa?" Jita lafiyarta ƙalau, a kansa ta faɗi. Hannayensa ma ko ƙwarzane babu. Na gode wa Allah, sannan na shiga madafa na yi kukana a can don kada ya ji.

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Na gasa masa ƙafar da ruwan zafi da gishirin Keana. Ya ce in dafa shi nake son yi in sa albasa. Na ce tsohon nama irin nasa sai da kanwa. Bai yi dariya ba.

Ɗanladi ya kawo sauran kaya, har da 'yar baƙar jaka. A ciki akwai wasu ƙananan abubuwa biyu, kowanne bai wuce kwalin ashana ba. Shi ne wayales ɗin da Munir, autanmu, ya aiko daga Abuja. Ɗaya a jona shi a jikin jita, ɗaya a jikin amfilifaya, akwatin da ke fitar da sauti, shi ke nan sauti ya bi iska, babu sauran doguwar waya tana ja a ƙasa. A Obi aka fara gwada shi.

Saboda bikin Doose Munir ya saya. Doose 'yar Tyav ce, amma rabin ƙuruciyarta a tsakar gidan nan ta yi shi. Da Iveren, uwarta, ta rasu ta bar ta tana rarrafe, ba abin da ke sa yarinyar barci sai a shimfiɗa mata zani a kan amfilifaya, Baban Munir ya riƙa taɓa mata wata ƙaramar waƙa a hankali, akwatin yana rawa a ƙarƙashin cikinta. Tun tana firamare ta sa shi ya yi mata alkawari, ranar aurenta shi zai biyo ta a baya tun daga bakin ƙofa har wurin zamanta yana kaɗa mata waƙar nan. Da waya ba zai yiwu ba, shi ya sa Munir ya nemo marar waya. Biki kuwa Asabar ɗin farko ta watan gobe ne.

Na ɗaga jakar na ce, "Ina zan ajiye wannan?" Ya ce, "Inda ba zan gan shi ba." Na ɗora a kan tebur, a gefensa na dama, kusa da gwiwar hannunsa. Har yanzu yana nan, bai sa a ɗauke ba.

Talata, da safe

Bai taɓa jitar ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, da la'asar

Munir ya kira ni, bai kira babansa ba. Ya ce, "Umma, ni na jawo. Ɗanladi ya ce Baba ya so ya jona tsohuwar wayarsa, sai suka ce ai yaro ya aiko da sabon abu, a gwada a ɗauki hoto a tura masa." Na ce masa ya bar wannan magana, shi alheri ya yi niyya. Ya ce to amma me ya haɗa rashin waya da faɗuwa, ai waya ce ma ke harɗe mutum. Na ce ina da tukunya a wuta.

Babu wata tukunya. Zama na yi gaban keken ɗinki ina kallon zanen Doose, mai ratsin baƙi da fari irin na Tibi, ƙabilarsu, ban sa masa allura ba har aka kira magariba.

Alhamis, bayan sallar asuba

Ya zuba shayi, ya zarce bakin kofi ya malale a tire. Na goge kamar ba a yi komai ba. Haka nake yi tun bara. In kawar da bokiti daga hanya kafin ya fito, in mayar da butarsa daidai inda ya bar ta, in karanta masa saƙo in ya ce ya manta inda ya sa tabarau. Da ya jingine babur ya ce mai ya yi tsada, ni ce na fi kowa zagin tsadar mai.

Bai taɓa jitar ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Tyav ya zo da doya da lemo. Suka zauna a ƙarƙashin mangwaro, ni ina daga ciki ina guga, taga a buɗe. Ba laɓe na yi ba, taga ce a buɗe.

Tyav ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen janareto, ya yi zancen kanofi, can ya ce, "Mika, za mu sa maka kujera a kan dandamali, kusa da ni. Ka zauna ka kaɗa abinka. Doose za ta gane."

Baban Munir ya ce, "Ka taɓa ganin na kaɗa bes a zaune?"

"Ban taɓa ganin ka faɗo ba ma."

Na shagala da saurare har na ƙona bakin ɗankwalin wata mata. Sannan ya ce, "Ka ba yaronku Fanen bes ɗin. Hannunsa ya nuna, ya san waƙoƙin duka. Ni na gama."

Na gama. Haka ya faɗa, kamar mai cewa ya ƙoshi da tuwo. Tyav ya fito idonsa ja, ya tsaya a bakin shagona yana juya hula. Ya ce, "Maman Munir, ki kai shi a duba..." bai ƙarasa ba, ya dai nuna fuskarsa da yatsa. Ashe shi ma ya sani. Ashe duk sun sani, kowa yana kawar da nasa bokitin.

Lahadi

Mun yi faɗa. Na ce gobe za mu asibiti, ya ce ƙafa ta warke. Na ce ba don ƙafa ba. Ya ce, "To don me, Nana?" Na ce don taurin kai, ko suna da allurarsa. Ya juya wa bango fuska.

Wallahi mutumin nan yana ba ni haushi. Kuma tausayinsa ya hana ni cin abinci.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan azahar

Mun je. Doose ce ta kai shi, ba ni ba. Ta zo da mai Keke Napep har ƙofar gida ta ce, "Baba Mika, tashi ka raka ni," shi kuwa bai taɓa iya ce mata a'a ba. Na bi su da mayafina a hannu.

Likitar idon ta sa shi ya kalli tsakiyar wani faranti, ya danna abu in ya ga haske. Ina zaune a baya ina ganin hasken yana kunnuwa ta gefe, ta ƙasa, ta sama, hannunsa bai motsa ba. Sai in ya zo tsakiya. Na damƙe hannun Doose har ta ce wash.

Sunan abin ba zan rubuta shi ba. Ta ba da maganin ɗigawa safe da yamma, ta ce zai riƙe abin da ya rage in an kiyaye. Abin da ya tafi ba ta yi maganarsa ba, mu ma ba mu tambaya ba. A hanya ya ce wa mai Keke ya rage gudu, shi ke nan abin da ya faɗa har gida.

Laraba, da hantsi

Ni ke ɗiga masa. Yana kwantar da kai a cinyata yana ƙorafin hannuna da sanyi. Rabon da ya sa kai a cinyata tun Munir yana goye.

Alhamis

Bai taɓa ba. Ƙura ta fara hawa kanta, na goge da tsumma, igiya ɗaya ta yi ƙara. Daga ɗaki ya ce, "Wa ke nan?" Na ce kyanwa ce. Ba mu da kyanwa.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Yau na gano, kuma da hannuna na gano.

Jakar kayansa tana warin ruwan saman da ya taɓa su a Obi, na zazzage ta a tsakar gida don ta sha iska. Tsohuwar wayarsa tana ciki, a naɗe. Wayar nan ba ya bari kowa ya taɓa ta. Shi ke naɗe ta da kansa, zagaye bisa zagaye, ko Munir yana ƙarami ya sha duka a hannu saboda ita. Na warware ta a kan igiyar shanya ina gogewa, sai yatsana ya ci karo da wani ƙulli. Baƙin salatif ne aka naɗa, aka sake naɗawa har ya yi tudu. Na ce ko gyaran yankewa ne. Na ci gaba, ga wani, ya fi na farko kauri. Can kusa da ƙarshe ga na uku, shi kam kamar ƙwallon goruba. Ni tela ce, na san gyara, na san alama. Wannan alama ce.

Na kai masa ɗaki na sa masa a hannu. Na ce, "Baban Munir, mene ne wannan?"

Ya daɗe yana murza ƙullin da babban yatsa. Sannan ya yi magana, a hankali, ba tare da ya juyo ba. Ya ce shi ya sa yake cire takalmi in zai hau dandamali, mutane suna cewa salo ne. Kafin a fara kiɗa yakan ja wayar daga amfilifaya zuwa gaba, ya shimfiɗa ta miƙe, ya matsar da akwatin har babban ƙullin ya zo taki ɗaya kafin bakin dandamali. In yana kiɗa tafin ƙafarsa na kan waya. Ƙaramin ƙulli, yana tsakiya. Na biyu, ya kusa. In ya taka babban, sai ya ja da baya. Ragowar wayar kuma tana rataye ta cikin maɗaurin jita, in ya yi nisa yakan ji ta ja shi a kafaɗa.

"Gabana kawai nake gani, Nana, kamar mai leƙe ta bututu. Ƙasa babu. A Obi na laluba da ƙafa, ba waya. Kiɗa ya yi daɗi, na manta, na taka iska."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Ƙaramin, shekara uku. Babban, bara."

Na ce me ya hana shi faɗa wa yaran nan su bar masa wayarsa. Ya ce, "Yaro ya tara kuɗinsa ya sai wa ubansa abu, ana ta murna ana ɗaukar hoto. In ce me?"

Na zauna a bakin gado. Ban yi kuka ba, shi ma bai yi ba. Muka riƙe wayar, shi da baki ɗaya ni da ɗaya, har aka kira la'asar.

Asabar, da safe

Na kira Munir na gaya masa duka. Da na gama ya ce a ba shi Baba. Na kai masa salular na fito na ja ƙofa. Wannan karon ban buɗe taga ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, da la'asar

Doose ta zo gwajin kaya. Ta rame, amaryar da ya kamata a ce tana ƙiba. Ina sa mata fil a ƙugu ta ce, "Mama Nana, na gaya wa Baba, in ba Baba Mika ba, ba na son kiɗa. Zan shigo shiru kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa." Na ce ta rufe min baki kada in soke ta. Ta ce da gaske take.

Da za ta tafi ta leƙa ɗakinsa. Ba ta roƙe shi ba. Ta dai hau kan amfilifayar da ke lungu ta zauna, ƙatuwar budurwa, ta naɗe ƙafa, ta fara yin waƙar da hanci. Ta yi kuskure a tsakiya, ina jin da gangan. Ya ce, "Ba haka ba ne." Ta sake yin kuskuren. Ya ce, "Ke dai ba ki da kunne, kamar ubanki. Miƙo min."

Ya taɓa. Ba a jona ba, sautin bai fi na ƙudan zuma ba, amma ya taɓa.

Talata, bayan azahar

Ina ɗinka maɗaurin siket, na zura igiya ta cikin bututun, na ja wannan baki, wancan ya motsa. Sai na tsaya da aiki.

Na same shi na ce, "Wayar nan, dole sai an jona ta a akwati kafin ta ja ka a kafaɗa?" Ya ce me nake nufi. Na ce abin Munir ya kai sauti, ai aikinsa ke nan. Tsohuwar waya kuma a ɗaura masa ita a ƙugu ta baya, wani ya riƙe ɗaya bakin, ya bi shi. In ya yi gefe a ja, in akwai tudu a ja.

Ya yi dariya, ta farko tun Obi. "Akuya kika mayar da ni?"

Na ce akuya ta fi shi jin magana.

Ya ce, "To wa zai riƙe? Tyav yana kan fiyano, Ɗanladi yana kan ganga. Ba zan yarda wani yaro ya ja ni a gaban mutane ba."

Na ce, "Ni."

Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, yadda yake yi yanzu in yana son ganin abu sosai. Ya san abin da na faɗa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa zuwa inda yake kiɗa ba, ko sau ɗaya. Gidanmu ba su so auren ba, suka ce 'yar malamai ba ta auren makaɗi, ni kuma na ɗauki alkawari a raina cewa zan aure shi amma ba za a taɓa ganina a filin kiɗa ba. Na wanke rigunansa, na ji gwajinsa ta bango, na san kowace waƙa, amma ban taɓa ganin yadda yake tsayawa ba.

Ya ce, "Nana, ba sai kin yi ba." Na ce ban tambaye shi ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da hantsi

Gwajin farko, kuma abin kunya. Ɗanladi ya zo ya nuna min abin. A danna nan a riƙe, a danna can, in fitilun biyu suka tsaya a shuɗi sun gane juna. In ta koma ja, caji ya kusa ƙarewa. Baban Munir ba ya ganin fitilar, tana ƙasa da bututunsa, don haka wannan ma aikina ne.

Ya ce sautin ya rame, ba shi da tumbi kamar na waya. Ɗanladi ya murɗa wani abu a akwatin, ya ce yanzu fa? Ya ce da dama-dama, wanda a bakinsa yabo ne babba.

Muka tashi daga zaure. Na ja da ƙarfi ya yi baya kamar zai zauna, ya ce so nake in ƙarasa abin da Obi ta fara. Na sassauta, ya nufi turmi. Da ya zaga bayan tankin ruwa sauti ya ɗauke ɗif, da ya fito ya dawo. Ɗanladi ya ce ƙarfe da bango ne ba ya so, a filin biki za a ɗora na jikin akwatin a sama inda zai hangi ƙofa. Matan maƙwabta sun leƙo ta katanga. Na ce musu in kallo suke so su zagayo su biya kuɗin kujera.

Juma'a

Yaya Abdurra'uf ya aiko a ce min ya ji labari, wai da girmana da jikokina zan shiga fili ina jan makaɗi a bikin coci. Na ce a gaishe shi, a ce masa mijina zan riƙe.

Na faɗa da ƙarfi, amma da ɗan aiken ya fita sai na nemi wuri na zauna. Tsoro nake ji. Ba na bakin mutane ba, na kada ya faɗi a hannuna.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da yamma

Mun daidaita. Ja ɗaya, tsaya. Ja biyu, akwai tudu ko gangare. In na karkata wayar dama ko hagu, ya bi. Na ɗinka masa ƙaramin madauki a bayan rigar bikin, daidai ƙugu, na ninka shi huɗu don kada ya tsinke. Ya shafa ɗinkin ya ce wannan ko saniya zai riƙe.

Wani abu da ban zata ba, in yana kiɗa ina jin sa a tafin hannuna. Ba sauti ba, motsin jikinsa. Kafin ya taka nakan san da wace ƙafa zai taka.

Laraba

Ruwa aka yi, ba gwaji. Ya wuni a ɗaki. Da na zo ɗiga magani ya ce, "In na ba ta kunya fa?" Na ce buɗe idon, kana ɓata min magani.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Munir ya iso. Ya durƙusa gaban babansa, uban ya lalubo kansa ya dafa ya ce, "Abinka yana da kyau, sai dai ba shi da tumbi." Na sa abin a caji, na zauna ina gadin fitilar kamar mai jiran haihuwa. An ɗauke wuta, Munir ya kai shagon mai caji ya tsaya a kansa har ya cika.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Jiya ne. Bari in rubuta tun ban manta ba, ko da yake ban ga alamar zan manta ba.

Ba mu shiga coci ba, a filin liyafa muka jira. Kanofi ko'ina, ƙamshin sakwara, mata cikin baƙi da fari. Na sa babban mayafina na naɗe wayar a hannu a ƙarƙashinsa, bakin ƙarfen yana cikin tafina, har ya yi zafi saboda gumi. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya miƙa wa Munir. Fitila shuɗiya. Na ce masa, "Shuɗi." Ya ce, "Bismillah."

Doose ta sauko daga mota. Tyav ya ɗaga hannu daga kan dandamali, ganga ta tsaya, fiyano ya tsaya, fili ya yi tsit. Sai waƙar ta fito daga can cikin sifikoki, mai kauri, a hankali, alhali mai kaɗa ta yana nan gabana da taki uku. Na ji ta a ƙirjina. Doose ta rufe baki da hannu, kwalliyar da aka wuni ana yi ta tafi. Ta fara takawa, ya bi ta, na bi shi.

Ashe haka yake tsayawa. Kafaɗa a buɗe, kai a karkace, yana murmushi da gefen baki, ƙugunsa yana tafiya da kiɗan. Shekara talatin da wani abu ina wanke rigar mutumin nan ban san haka yake ba. Na shagala da kallonsa har na kusa manta aikina. Wayar janareto ta gitta hanya, an rufe ta da katako. Na ja biyu. Ya ɗaga ƙafa ya haye, ko ɗigon waƙar bai zube ba.

A tsakiyar fili Ɗanladi ya shigo da ganga, aka juya zuwa suwange, kiɗan rawar Tibi, mata suka taso suka kewaye mu. Nan fa tsoho ya manta da targaɗe. Ya yi dama na bi, ya yi hagu na bi, mayafina ya zame, wayar ta fito fili kowa ya gani. Na ji wata ta ce, "Matarsa ce ke riƙe da shi." Na jira kunya ta zo, ba ta zo ba. Wata tsohuwa daga dangin ango ta manna min kuɗi a goshi, ni da ban yi rawa ba. Ko na yi ne, oho.

Da Doose ta kai kujerarta na ja ɗaya. Ya tsaya cak, ya ƙarasa waƙar, ya bar igiyar ƙarshe tana kuka har ta mutu da kanta. Doose ba ta zauna ba, ta juyo ta rungume shi da jitar da komai, sifikoki suka yi gurnani. Tyav yana can sama ya kifa kai a kan fiyano.

A mota muna dawowa ya ce na cika ja. Na ce shi ya cika rawar kai.

Lahadi, bayan la'asar

Yana zaune a ƙarƙashin mangwaro yana ɓare salatif ɗin daga jikin wayar, ƙulli bayan ƙulli. Da ya gama ya naɗe ta yadda ya saba, zagaye bisa zagaye, sai ya miƙo min. Na ce in sa a jakarsa? Ya ce a'a, in ajiye a wurina.

Can ya ce, kamar zancen bai dame shi ba, "Tyav ya ce akwai wani biki a Keana ranar Asabar. Ban sani ba ko kina da ɗinki."

Ɗinki har ya kai min wuya, kayan mutum shida na rataye, biyu sun fara aiko min da baƙar magana.

Na ce ba ni da komai ranar Asabar.